Kunnen Chindo

A duk faɗin ƙasar Gidan Rumji, in mutum zai sayi inji kuma yana da hankali, ni yake fara nema. Ba fahariya nake ba, ku je ku tambaya. Injin niƙa, injin ban ruwa na ƴan fadama, injin wuta da mu nan muke ce wa gurup, har tsohuwar mota an sha ɗaukata a kai ni Maraɗi in saurara. Aikina ɗaya ne. A tayar da injin, in tsuguna gefensa, in kafa bakin turnabis, wato sukudireba, a jikinsa, in ɗora kunnena a kan ƙotar. Minti biyar ya ishe ni. In na miƙe na ce a saya, sai a saya. In na karkaɗe rigata na yi gaba ban ce uffan ba, mai injin ma ya san kasuwarsa ta watse. Kuma al'adarmu a nan, in mai saye ya zo da mai saurarensa, mai sauraren ya ce a saya, to ciniki ya zauna. Ko gobe injin ya mutu ba a mayarwa, tunda ba a rufe wa kowa kunne ba. Sunana Chindo, amma yara da manya Chindo Mai Kunne suke ce mini, ban kuma taɓa hana kowa ba.

Shekara talatin da ɗoriya na yi tsaye a kan injin niƙa a Cadakori. Can na koyi muryar ƙarfe, can kuma na baro kunnen nawa. Shekara biyu da suka wuce na hagu ya mutu murus. Na dama yana nan da sauran rai, amma sai an matso an ɗaga murya, ga wani kuka irin na gyare da ba ya yankewa a cikinsa. Magana ina kamawa, rabi da kunne rabi da kallon leɓe. Amma ƴar ƙwanƙwasar nan da inji ke yi can ƙasan cikinsa wata biyu ko uku kafin ya mutu, wadda saboda ita ake nemana, ta ɓace mini ke nan.

Na ɓoye, kuma ɓoyewar ba ta yi mini wuya ba. Matata Tata shekara arba'in tana cewa ba na sauraron maganarta, saboda haka ba ta ga wani canji ba. A majalisarmu kuwa, gindin itacen dogon yaron da Garba mai shayi yake ajiye teburinsa, sai na gano cewa wanda ya riƙe zance ba ya buƙatar jin na kowa. Dama ni ba mai shiru ba ne, sai na ƙara wuta. In an kawo zancen injunan China, in ce fenti ne aka naɗe iska da shi. In an kawo na salula, in ce yaran yanzu sun san sunan waya goma amma ba su san kukan injin da mai ya ƙare masa ba. In wani ya ce ai zamanin gurup ya wuce, sola ta shigo, in ce ya je ya niƙa buhun hatsi da rana in gani. Jirgin ƙasan da ake cewa zai zo daga Kano har Maraɗi ma bai tsira ba, na ce duk ran da ya iso ni za a kira in saurari kansa kafin kowa ya hau. Su yi ta dariya, ni ma in yi, alhali rabin abin da suke mayar mini ban ji shi ba.

Mutum ɗaya na gaya wa, Ilyasu. Aminina ne tun muna yara, rana ɗaya aka yi mana kaciya, ni na riƙe masa goron aurensa na fari. Dillalin tsofaffin injuna ne da kayan gyara, kuma ɗan abin da ya sani na saurare ni na koya masa. Ran da na gaya masa, muna zaune a zaurensa, hawaye na yi, ban ji kunyar faɗa ba. Ya dafa gwiwata, ya juyo da fuskarsa sosai yadda zan ga bakinsa.

"Chindo, mi kaka yi ma kuka? Ba ga ni ba? Kunnena naka na. Ka ci gaba da tsugunninka, ni ina tsaye gefe awa mai kallo. In naj ji ɓarna, sai in tuɓe hula in sosa kai. In ban taɓa hula ba, ka ce a saye."

Haka muka yi shekara biyu. Na sani ba daidai ba ne, kada wani ya tuna mini. Amma na lallashi zuciyata da cewa mai saye kunne yake nema, kuma kunne ya samu, ko da ba nawa ba ne. Hular Ilyasu ba ta taɓa ba ni kunya ba. Sau nawa na ga ya tuɓe ta, na miƙe na karkaɗe riga, daga baya a ji injin ya fashe a hannun wani da bai nemi shawara ba. Sunana ma sai ƙaruwa ya yi.

Sai Farida ta zo. Ɗiyar ƙanwata Habi ce, Allah ya ji ƙanta. Tun rasuwar uwarta ni take gani a matsayin uwa da uba. Tana aure a wani ƙauye yamma da Tibiri inda wutar gwamnati ba ta kai ba, tana da wani tsohon firigo, wato firji, da mijinta Abdulmumini ya samo mata, kuma ta ƙudura sai ta yi sana'ar ƙanƙara da zoɓo kafin azumi, don a bana azumi cikin zafi zai faɗo. Abin da ya rage mata gurup. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta faɗi abin da ya kawo ta, na kama yawancinsa.

"Kawu, na sai da Gwamma."

Wannan kam na ji shi sarai. Gwamma saniya ce, jikar saniyar da uwarmu ta ba Habi ran da aka kai ta ɗaki. Kakanninmu masu shanu ne kafin su zauna su kama noma, kuma a duk gidanmu wannan jinin kaɗai ya rage daga garken. Na so in yi mata faɗa, amma ta riga ta sayar.

"Shi ya sa ban yarda da kowa ba sai kai," in ji ta. "Abdulmumini ya ce mu sai sabo ɗan China, ni ko nac ce a'a, kawuna ya ce fenti na. Tsoho mai ƙwari nika so, wanda kunnenka ya yarda da shi."

Da yamma na gaya wa Ilyasu. Ya ce ai kuwa an yi sa'a, ya ji labarin wani baƙo mai suna Mudi daga wajen Gangara zai kawo gurup na gazuwal, wato man dizal, ranar kasuwar Gidan Rumji, irin tsofaffin nan masu nauyi da ba a yin kamarsu yanzu. Na ce masa na Farida ne, ɗiyar Habi. Na maimaita masa har sau biyu. Ya ce ai shi ma ɗiyarsa ce.

Ranar kasuwa ni da Farida da Ilyasu muka samu gurup ɗin bayan layin masu buhunan hatsi. Kore ne shar, an yi masa sabon fenti, abin da ya kamata ya sa ni in ja baya tun daga nan. Mudi ya tayar da shi. Na tsuguna, na kafa turnabis, na ɗora kunne, na lumshe ido kamar yadda na saba. Ba abin da nake ji sai girgizar ƙarfe a muƙamuƙina da kukan gyaren nan nawa. Na buɗe ido kaɗan na saci kallon Ilyasu. Yana tsaye hannuwansa a baya, hula daram a kansa. Saboda na Farida ne, na ƙara minti biyar, na zagaya ɗaya gefen, na sake kallonsa. Har ya ɗan gyaɗa mini kai.

Na miƙe na ce, "A saye."

Farida ta yi guɗa a tsakiyar kasuwa, har masu hatsi suka waiwayo. Aka ɗora shi a amalanke, ta bi bayansa da ƙafa tana dafa shi kamar mai rakiyar amarya.

Kwana goma sha tara ya yi yana aiki. Ran na ashirin, azumi saura kwana huɗu, ya yi wata ƙara da aka ce har maƙwabta sun fito da gudu, ya huda cikinsa, mai ya malale a tsakar gida. Abdulmumini ya ɗauko Muntari, bakaniken Tibiri, ya kuma aiko a kira ni. Na tarar Muntari ya buɗe shi, kayan ciki a baje kan buhu. Muntari mutum ne mai ƙatuwar murya, don haka ba abin da ya wuce ni, ko da na so ya wuce.

"Baba Chindo, kai kas saurari wanga inji?"

Na ce ni ne.

"To wallahi ban gane ba. Wanga ko ni da ba ni da kunnenka, daga bakin ƙofa nika jin bugunai. Kuma na san shi. Bara Malam Ilyasu ya kawo mani shi, lokacin ja ne, nac ce mashi cikinai ya ƙare, ya sai da shi ga masu awon ƙarfe. Ga ma waldata nan da niy yi mashi ga ƙafa." Ya kankare fentin da farce, ja ya fito a ƙarƙashin kore.

Ban san yadda na hau kabu-kabu na dawo gida ba. Abin da na sani, ban tsaya ko shan ruwa ba na wuce gidan Ilyasu. Na same shi a zaure yana jera wasu tsofaffin batura. Da ya ga fuskata bai ma wahalar da kansa da musu ba.

"Naka na?"

"Nawa na."

"Ilyasu, ɗiyar Habi! Saniyar uwarta tas sayar!"

"Shekara guda yana zaune mani cikin gida, Chindo. Duk wanda niz zo da shi sai ya ji bugun ya gudu. Ni ma ina da iyali."

"Sai kas samo wanda ba ya ji."

Ya ci gaba da jera baturansa. Na ce ya karɓi kayansa ya mayar wa yarinya kuɗinta, magana ta mutu a zauren nan, ba wanda zai ji. Ya ajiye batirin hannunsa, ya dube ni ido cikin ido, ya yi magana a hankali yana buɗe baki sosai, irin yadda ya saba yi mini don tausayi.

"Mai saye ya zo da mai saurarenai. Mai sauraren ya ce a saye. Kai ka hi kowa sanin abin da wanga ka nuhi. In kana son ka tashe ciniki, sai ka je ka hwaɗa ma mutane yadda kaka saurare."

A nan na gane cewa ya auna komai tun kafin ya sayi fentin. Ya san ba zan iya nuna shi da yatsa ba sai na fara tuɓe kaina a gaban gari. Ya san ni fiye da yadda Tata ta san ni, kuma da wannan sanin ya yi aiki. Na sha ganin cuta a kasuwa, an sha cutata, ban taɓa jin ciwo irin na ranar ba. 

Abdulmumini bai jira ni ba, ya kai ƙara wurin mai gari. Aka sa rana, jibi da hantsi. Kwana biyun nan ban je majalisa ba. Na yi ta juya abin a raina, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, sau da yawa ɓangaren shiru ne yake rinjaye. Mai kunne ma yana kuskure, ai ba annabi ba ne. In na ce kuskure na yi, za a yi gunaguni na wata guda a manta, sunana ya tsira da ɗan tabo. Farida kuma yarinya ce, Allah zai ba ta wata saniyar. Haka na yi ta gaya wa kaina har safiyar ranar.

Ƙofar gidan mai gari ta cika, don labari ya zaga. Ƴan majalisarmu duk suna nan, har Garba ya bar teburin shayinsa. An ajiye gurup ɗin a tsakiya da cikinsa a huje. Farida tana zaune can gefe kan tabarma tare da wasu mata biyu, ta rufe rabin fuskarta da mayafi. Muntari ya faɗi abin da ya sani. Ilyasu ya amsa cewa injinsa ne, Mudi ɗan aike ne kawai, kuma ba haramun ba ne mutum ya yi wa kayansa fenti. Ya ce shi bai ce wa kowa injin lafiyarsa ƙalau ba, su suka zo da gwaninsu. Na ga mutane suna gyaɗa kai, don ta wajen al'ada maganarsa ba ta da makama.

Mai gari ya juyo wajena. Tsoho ne mai gemu, leɓensa ba ya ganuwa, sai da ya maimaita sannan na kama.

"Chindo, ka saurari injin ga, ko ba ka saurara ba?"

Na buɗe baki da niyyar in ce kuskure ne. Sai idona ya faɗa kan Farida. Ba harara take yi mini ba, da ma harara ce da na ji sauƙi. Kallona take yi tana jira, da cikakken tabbacin cewa kawunta zai faɗi abin da zai gyara komai.

"Ranka ya daɗe, ban saurara ba," na ce. Ban san ƙarfin muryata ba, ina jin ihu na yi. "Ban ji komi ba. Shekara biyu ke nan ba ni jin inji. Ni kurma na."

Na faɗi sauran duka, zancen zaure da zancen hula, ban rage ba. Ina gamawa wurin ya hargitse. Na ga Usaini mai injin ban ruwa ya miƙe yana nuna ni, shi da na sa ya sayi nasa bara. Na ga wasu suna dariya suna kama hulunansu. Bakuna da yawa suna motsi lokaci guda, ban iya bin ko ɗaya ba.

Sai Ilyasu ya tashi zai yi magana. Shekara biyu bai taɓa yin magana a gabana ba sai ya juyo mini fuskarsa. Ranar ya ba ni baya. Ya daɗe yana jawabi, yana ɗaga hannu sama, yana dafa ƙirji, ni kuwa ina zaune ina kallon ƙeyarsa. Ana zancena a gabana, ban san me ake cewa ba. Farida ce ta taso daga tabarmar mata, ta ratsa maza, ta durƙusa ta sa bakinta a kunnena. Da ta ga ban motsa ba ta zagayo ɗaya gefen.

"Kawu, ya rantse bai san zancen hula ba. Ya ce shi ma yau yaj ji kai kurma na. Ya ce da ya sani da bai bari ka cuci mutane shekara biyu ba."

Na ce, "Mai gari hwa?"

"Ya ce tunda ba a saurara ba, ciniki bai zamna ba. A mayar mani da kuɗina." Ta ƙara matsowa. "Ya ce kuma daga yau kar wanda ya ƙara kiranka sauraren inji."

Na gyaɗa kai. Hukuncin daidai ne, ni ma da ni ne mai gari haka zan yanke.

Da aka shafa fatiha, dattawa suka ce ba za a watse ba sai an sasanta aminai, zumuncin shekara sittin ba zai mutu a kan ƙarfe ba. Aka tura Ilyasu wajena. Ya zo ya tsuguna, ya kama hannuna da hannu biyu, ya sunkuyo ya sa bakinsa daf da kunnena, ya yi ta magana ƙasa-ƙasa. Ina jin ɗumin numfashinsa da ƙamshin goro. Mutane suna ta kallo, wasu har suna share ido, na ga bakin liman yana cewa alhamdu lillahi, ya nemi gafara. Ya gama ya miƙe, ya karkaɗe gwiwarsa, aka yi ta miƙa masa hannu.

Har yau ban san abin da ya ce ba. A kunnen hagu ya faɗe shi, kuma duk taron nan ba wanda ya kai shi sanin wanne ne mataccen.